Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Gwamnan Babban Bankin Nijeriya Daga Wani Mai POS

Zuwa ga Mista Olayemi Cardoso,
Gwamnan Babban Bankin Nijeriya,
Abuja.

Ranka ya daɗe,

Ni ɗaya ne daga cikin waɗanda takardun ofishinka ke kira wakilan banki, jama'ar gari kuma suke ce mana masu POS. Ƙauyenmu yana cikin masarautar Gumel a jihar Jigawa. Ba mu da banki, ba mu da na'urar ATM, ba mu taɓa samu ba. Abin da muke da shi shi ne teburina da lemata, sai wasu tebura biyu irin nawa. Na rubuto da Hausa ne domin da ita nake wannan aiki daga safe har dare, kuma ina so abokan sana'ata su ji abin da na faɗa maka. Na san a gida babba irin naka ba za a rasa mai fassara ba.

A 2020 na shiga sana'ar, bayan na shekara biyu riƙe da takardar NCE babu aiki. Wata ranar kasuwa wani saurayi, ma'aikacin wani kamfanin POS, ya zo a kan babur, jakar goyonsa cike da na'urori. Ya karɓi lambar BVN ɗina da ta katin ɗan ƙasa, ya ɗauki hotona, ya ɗauki hoton gindin darbejiyar da na ce zan zauna. Sai ya miƙo mini wayarsa. Rubutu ne da Turanci, ina ja yana zuwa, ba ya ƙarewa. Ban kai rabi ba ya ce in danna wurin amincewa, wasu na jiransa a gari na gaba. Na danna, na biya kuɗin na'ura. Da zai tayar da babur ya ce mini, "Daga yau ba ka da uban gida, kai ne mai gidan kanka." Maganar ta yi mini daɗi ƙwarai a ranar. Shekara biyar ke nan ina juya ta a raina.

Jarin kuwa mahaifiyata ce ta sayar da tumakinta biyu, yayata ta ba ni kwasar adashinta, ni kuma na sayar da riɗin da na noma. Aka haɗa naira 250,000. Ka san yadda aikin yake tafiya a takarda, amma bari in faɗa maka yadda yake daga bakin tebur. Mutum ya zo da katinsa, in sa a na'ura, kuɗi su fita daga asusunsa su shiga asusuna da ke wurin kamfani, ni kuma in ƙirgo tsaba daga jakata in ba shi. Tsabar tawa ce. Abin da ya shiga asusun kuma yana hannun kamfani har sai na sami hanyar mayar da shi tsaba. Wato kullum jarina yana fita daga aljihuna ya shiga ɗakin da makullinsa ba ya hannuna, da yamma in bi shi in dawo da shi. A kan naira 5,000 mukan karɓi 100, a kan 10,000 mu karɓi 200. A ciki kamfani zai cire nasa kason tun kafin in gani. A cikin saura zan sayi takardar rasit, in biya cajin na'ura a shagon mai sola, in zuba mai a babur, in ci abinci.

Ban zo in raina sana'ar ba. Da ita na yi aure, da ita nake biya wa ƙanena makaranta. Na kuma san ba daga sama ta faɗo ba. Bankinku ne ya buɗe ƙofar da ƙa'idojin wakilcin banki na 2013, aka ƙara mata ƙarfi da shirin SANEF na faɗaɗa wakilcin a 2018. Binciken ƙungiyar EFInA na 2023 ya nuna waɗanda ba sa hulɗa da kowace irin kafar kuɗi sun ragu zuwa kashi 26 cikin 100 a ƙasa baki ɗaya, ko da yake a nan Arewa maso Yamma har lokacin kashi 47 ne. Duk wanda ya san ƙauyukanmu ya san ba sababbin rassan banki ne suka kawo ragin ba. Mu ne, a gindin bishiya da bakin tasha, da matan aure da ke yi daga cikin gida, yara na kai musu kati suna dawowa da kuɗi.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, a tsakanin kamfani da mai kati akwai mutum guda da duk asara ke sauka a kansa, kuma shi ne wanda ba a tambaya in za a yi doka.

Akwai wata dattijuwa a unguwarmu, ɗanta yana sayar da kayan gwari a Fatakwal, duk wata yana turo mata abin cefane. Wata safiya ta zo cirar naira 20,000. Na'ura ta yi ta juyi, ta fito da rasit cewa ba a biya ba. Kafin ta miƙe, saƙo ya shigo wayar jikanta cewa an cire. Babu kuɗi a wurina, babu a wurinta. Na san tun Yunin 2020 bankinku ya ce irin wannan a warware shi cikin awa 72, na kuma faɗa mata haka. Kwana uku suka wuce. Na kira kamfanin da nake yi wa wakilci, suka ce ba daga wurinsu ba ne, ta je bankinta. Na ɗauke ta a babur na kai ta cikin gari, muka bi layi, aka ba mu fom, aka ce a jira. Kowace safiya sai ta zo ta zauna a gefen benci, ba ta zagi, ba ta ɗaga murya, sai dai ta ce, "Ɗan nan, ya ake ciki?" Ran kwana tara na ƙirga kuɗin daga jarina na ba ta. Ba ta san sunan kamfanin ba, ba ta san wani abu wai shi netwok ba. Ta san mahaifina, ta san gidanmu, ta san a hannuna ta sa katinta. Sai bayan mako uku kuɗin suka koma asusunta, ta kuma aiko mini da su cas, Allah ya saka mata. Ba kowa ne yake aikowa ba.

Wancan mai sauƙi ne. Wata rana na wayi gari an rufe asusuna gaba ɗaya, da kusan duk jarina a ciki. Da ƙyar na gane dalili: wasu kuɗi da wani baƙo ya cira a wurina, ashe sun biyo ta hannun 'yan damfara kafin su iso asusunsa. Ban ƙi a bincika ba, wanda aka cuta shi ma yana da haƙƙi. Amma kuɗin da ake zargi ba su kai kashi ɗaya cikin biyar na abin da aka rufe ba. Kwana 11 na yi ina tura saƙo na'ura na ba ni amsa iri ɗaya. Saurayin da ya kawo mini injin ya daɗe da barin aikin. Ban sami mutum ɗaya mai rai da zan zauna gabansa in ce ga takarduna ba. Kasuwa biyu ta ci ba ni. Da aka buɗe, ba a ce mini komai ba, ko sannu.

A kara, dillalin shanu yakan tsaya wa baƙo, in saniya ta zama ta sata shi za a fara kamawa. Amma dillali ya ga saniyar da idonsa, ya ga shaidar da ke jikinta, ya san rugar da ta fito ko ya san wanda ya san ta. Ni kati nake gani da lambar sirri. Inda kuɗin suka kwana jiya, kamfani da bankuna ne ke iya gani a kwamfutocinsu. Mai ido yana can, makaho ake riƙewa.

Ranka ya daɗe, yi wa wani wakilci a kasuwanci ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kamfanonin Turawa masu neman gyaɗa sun gane ba za su iya shiga ƙauyuka da kansu ba, sai ta hannun 'yan kasuwar da suka san hanya kuma jama'a suka yarda da su. Haka Alhassan Ɗantata, wanda ya riga ya yi suna a fataucin goro, ya zama mai saya wa kamfanin Neja gyaɗa a 1918, kuma har ya rasu a 1955 ana lissafa shi cikin mafiya dukiya a Afirka ta Yamma. Waɗancan kamfanoni ba waliyyai ba ne, su ke yanka farashi, su ke kwashe kaso mafi tsoka. Amma sukan ba wakilinsu kuɗi tun kafin kaka ya fita saye, shi ma ya raba wa yaransa su shiga karkara. Mai suna da riba shi ke sa uwar kuɗi. A yau abin ya juye: wakili ke zuwa da uwar kuɗi, shi ke biyan kuɗin na'ura, shi ke ɗaukar hasara. Malamanmu na fiƙihu sun karantar da mu cewa wakili amintacce ne, abin da ya salwanta a hannunsa ba da sakaci ko ƙetare iyaka ba, ba shi ke biya ba. Ba ina cewa a mayar da dokar banki darasin zaure ba ne. Ina nuna maka ma'aunin da mutanenmu ke auna adalci da shi in an ce wakili, kuma da wannan ma'auni abin da ake yi mana kura da shan bugu ne, gardi da karɓar kuɗi.

Yanzu ga dokokin da suka biyo juna. A 2024 aka ce kowane mai POS ya yi rajista da hukumar CAC mai rajistar kamfanoni, aka sa wa'adin 7 ga Yuli, aka ɗaga zuwa 5 ga Satumba. Na yi. A Disambar 2024 bankinku ya ƙayyade cewa mutum ɗaya ba zai cira sama da naira 100,000 a rana a wurin wakili ba, ko 500,000 a mako, shi kuma wakili kada jimillar abin da ya bayar ta wuce naira miliyan 1.2 a rana. A Agustan 2025 aka ce a ɗaure kowace na'ura da wurin da aka yi mata rajista, kada ta yi aiki nesa da mita 10. A Oktoban 2025 sababbin ƙa'idoji suka fito, cewa daga 1 ga Afrilun 2026 wakili kamfani ɗaya ko banki ɗaya kaɗai zai yi wa aiki.

Na san ba haka kawai aka yi su ba. Mu 'yan Arewa ba ma bukatar a yi mana bayanin kuɗin fansa. Akwai ɓata-gari a cikinmu masu kallon lambar sirrin tsofaffi, akwai masu canja kati. Ba zan kuma ɓoye abin da ya faru a farkon 2023 ba, lokacin canjin takardun 200 da 500 da 1,000, sa'ad da tsaba ta ɓace aka riƙa karɓar naira 2,000 a kan 10,000 daga hannun mutumin da ke neman kuɗin magani. Wasunmu sun ci haram a watannin nan, kuma jama'a ba su manta ba. Sai dai ka sani, da yawanmu a lokacin sayen tsabar muke yi daga gidajen mai da manyan 'yan kasuwa, kuma har yau, duk lokacin da banki ya ce abin da zai iya ba ka a kanta ke nan, can muke komawa. Tsadar da mai kati yake gani a teburina sau da yawa tun daga can ta taso.

Bari in kai ka Maigatari ranar Alhamis. Kasuwa ce ta kan iyaka, dabbobi na shigowa daga ƙasar Damagaram da bayanta, masu saye na zuwa daga Kano da Legas da Anacha, ana loda tireloli har dare. Bijimin sa mai kyau yakan kai miliyan ko ya haura. Mai saye kuɗinsa na banki. Mai sayarwa kuwa sau da yawa makiyayi ne da ba shi da asusu, ko yana da shi amma inda zai koma babu sabis, kuma a ranar zai sayi gero da gishiri da kanwa da takalman yara. Tsaba yake so. Naira miliyan 1.2 a wannan kasuwa mutum 12 ne in kowa ya ɗauki 100,000. Kafin azahar an gama. Cinikin ba ya tsayawa don na'urata ta tsaya. Sai kuɗin su bi ta asusun wani yaron shago da babu wanda ya san shi da wannan aiki, ko a ɗauko su a buhu daga Kano a bi hanya da su. Abin da aka yi doka don a gani, sai ya koma inda ba a ganinsa.

Haka maganar ɗaure na'ura a wuri guda. Wanda ya tsara ta yana tunanin shago ne mai lamba a bakin titi. A karkara kasuwa ce ke yawo: yau ta ci a nan, gobe a can, kowane gari da ranarsa. Mai tireda yana bin ta, mai gyaran takalmi yana bin ta, mai POS ma dole ya bi ta, domin ƙauye irin namu ba zai ciyar da tebur uku kwana bakwai ba. Ko an ninka mita 10 sau goma ba za ta kai ni Maigatari ba. Ba na neman a bar na'ura ta yi ta gararamba. Tunda tana iya faɗa muku inda take, a bar wakilin karkara ya rubuta wuri biyu ko uku, kowanne da ranar kasuwarsa, hakimi ko sarkin kasuwa ya shaida. In aka gan ta a daji ranar Talata da tsakar dare, a rufe ta nan take. A manyan kasuwannin dabbobi da hatsi kuma, irin su Maigatari da Wudil da Dawanau, a ɗaga iyakar ga wakilin da ya shekara biyu ko uku ba a taɓa kama shi da laifi ba.

Amma wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce ta kamfani ɗaya. Kafin wannan ƙa'ida yawancinmu na'ura biyu muke riƙewa, wasu uku, ba don kwaɗayi ba. In ta wannan kamfani ta ƙi, ta wancan ta yi. In wannan ya rufe maka asusu, kana da inda za ka ci abinci kafin a buɗe. In wannan ya ƙara kasonsa, kana iya jingine na'urarsa a aljihun tebur, kuma ya san da haka. Ɗan ƙarfin da muke da shi ke nan a gaban kamfani. Idan an karɓe shi, to an yi mini uban gida, ko da ba a kira shi da sunan ba. Takardar CAC ta ce ni mai kasuwancin kaina ne, saboda haka mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 bai shafe ni ba, ba ni da fansho, ba ni da hutun rashin lafiya. Ƙa'idarku kuma ta ce in tsaya a gida ɗaya kamar yaron gida. An ɗauki nauyin mai gida da ƙangin yaro an haɗa a kan mutum guda.

A wurinmu uban gida ba suna ba ne kawai. Yaronsa in ya yi rashin lafiya shi ke kai shi asibiti, in aka kama shi a kan hanya da kayan gida shi ke zuwa beli, in ɓarayi suka tare shi ba a ce ya biya. In har za a ɗaure mu da kamfani ɗaya, ina roƙonka a ɗaure kamfanin da mu daidai gwargwado. Yarjejeniyar da za mu danna ta zo da Hausa da sauran manyan harsunan ƙasar nan, gajeriya, ta faɗi kason kowa, ta faɗi cewa ba za a canja shi ba sai an sanar tun da wuri. In za a riƙe kuɗi saboda zargi, a riƙe adadin da ake zargi kaɗai, a faɗi dalili a rubuce, a sa ranar da za a gama. Kowane kamfani ya ajiye mutum mai rai a kowace ƙaramar hukuma da yake da wakilai, mai ofis da za a iya buga wa ƙofa. Awa 72 ɗin nan kuma ta zama mai haƙori: in ta wuce, wanda kuɗin suka maƙale a wurinsa ya biya tara ga mai kati, ba sai dattijuwa ta kwana tara a kan bencina ba. Wanda kuma ya ga zaman bai yi masa ba, ya iya mayar da na'ura ya koma wani gida cikin 'yan kwanaki, da jarinsa cikakke.

Sai maganar rai. Duk wanda ya gan ni a kan babur da jaka a ƙirji ya san abin da ke ciki. Kusan babu watan da ba a jin an tare mai POS a wani gari an ƙwace, wani lokaci har da kisa. Ina fita da asuba mahaifiyata na bi na da addu'a, ba ta kwanciya sai ta ji ƙarar babur ɗina. Kamfanin da ke cin kaso a kowace naira da ta bi ta hannuna bai kamata ya zama baƙo ba ranar da aka tare ni. Inshorar tsaba da ta rai, irin ta takaful wadda mutanenmu za su karɓa ba tare da shakka ba, ta zama sharaɗin ba kamfani izinin ɗaukar wakilai. A kuma ware mana kanta a bankuna, da adadin tsaba da ya dace da aikinmu, domin in na daina sayen kuɗi zan daina sayar da su da tsada.

Akwai ƙungiyar wakilai ta AMMBAN, kuma na san ana zama da shugabanninta. Ina roƙon a ƙara da fitowa. Kuna da reshe a Dutse. A turo mutum biyu su zo Maigatari ranar Alhamis, ba da jerin motoci ba, su zauna a gefen tebur ɗaya daga hantsi zuwa magariba, su ƙirga sau nawa netwok ya ɗauke, su ga ƙarfe nawa iyakar miliyan 1.2 ke cika, su bi da ido inda mai sa ya nufa bayan an ce masa babu.

Makon jiya ɗan maƙwabcinmu, wanda ya gama difloma bara, ya zo mini da wayarsa. Wani saurayi a kan babur ya ba shi irin rubutun nan, mahaifinsa kuma ya yarda zai jinginar da gona ya ba shi jari. Ya ce in karanta masa in gaya masa ko ya danna. Muka zauna bayan isha'i da fitilar waya, na bi rubutun layi-layi ina fassara masa har muka kai ƙarshe, abin da ban yi wa kaina ba a 2020. Na sami wurare da yawa da suka faɗi abin da kamfani zai iya yi masa. Na ce ya dakata tukuna, kada a taɓa gonar, zan rubuta wa Gwamna.



Naka,
Wani mai POS,
Masarautar Gumel, Jihar Jigawa.